Ya ce sai na mayar masa da yaran sannan zai ciyar da su

Assalamu alaikum Anti. Shekara biyu ke nan da wata huɗu da mutuwar aurena. Yara uku ne tsakaninmu: babbar mace ce mai shekara 11, sai namiji mai shekara 8, sai autan da aka sake ni ina goyonsa, yanzu shekararsa 3. Duk suna hannuna. Tun da na gama idda sau uku kacal ya aiko musu da wani abu, shi ma sai da na yi ta aike. Ina da ɗan aikin da nake yi, daga albashina nake fitar da haya da kuɗin makaranta da magani. Duk sanda na yi masa magana amsarsa ɗaya ce: ni na nemi saki, kuma ina da aiki, idan na gaji in kai masa 'ya'yansa gidansa ya ciyar da su a can, amma ba zai ba ni kuɗinsa in ci ba. Ya yi wani aure har sun haihu, kuma yana da rufin asiri. Mahaifina ya ce in mayar masa da su in huta. Yayata ta ce in share shi, in nuna masa ba na buƙatar komai nasa. Ni kuma haushi ya sa wata shida ke nan na hana su zuwa wurinsa. Ga wani yana nemana da aure, ina tsoron ranar da na yi aure ya ƙwace su. Anti, wa ya kamata ya ɗauki nauyin yaran nan? Laifi ne in kai shi ƙara? Ba na son 'ya'yana su girma su ce na kai ubansu kotu.

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Ci da sha da sutura da wurin kwana da magani da karatun yaran nan uku, duk a wuyan mahaifinsu suke. Na fara da wannan ne don ki samu amsarki tun a farko, ki numfasa, sannan mu bi sauran a hankali, domin akwai inda zan goya miki baya, akwai kuma inda zan ja miki kunne.

Abin da ke rikita mutane a irin wannan lamari shi ne suna haɗa igiya biyu su ɗauke su ɗaya. Akwai igiyar aure, wadda ta ɗaura masa ciyar da ke. Wannan ta tsinke, kuma daga ranar da iddarki ta cika ba ki bin sa ci ko sutura. Akwai kuma igiyar haihuwa, wadda ta ɗaura masa ciyar da yaran, ita kuwa babu takardar sakin da ke kwance ta. Ya sake ki, amma har gobe sunansa yaran ke amsawa, su ne magadansa, shi ne waliyyin 'yarki ranar aurenta. Mutum ba ya riƙe sunan uba da girman uba, sannan ya ajiye ɗawainiyar uba a ƙofar tsohuwar matarsa.

Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta yi maganar uwaye masu shayarwa shekara biyu cikakku, ta ce ciyar da su da tufatar da su gwargwadon abin da aka sani yana kan wanda aka haifar wa ɗan. Ki lura da yadda aka kira shi a ayar: wanda aka haifar wa. Da haihuwar aka ɗaure shi. A Suratuɗ Ɗalaƙ kuma, aya ta 6, wadda maganarta kacokan a kan matan da aka saka ce, an ce in suna da ciki a ciyar da su har su haihu, in kuma sun shayar muku ku ba su ladansu. Wato watannin da kika yi kina shayar da autanki bayan kin fita daga idda, ko su kaɗai kina da haƙƙi a kansu, ban da abin da yaron ke buƙata. Na san mata da yawa ba su taɓa jin wannan ba, wasu ma kunya za su ji a ce an biya su don sun shayar da ɗan cikinsu. Na kawo shi ne don ki ga yadda aka tsare uwa daga a bar ta da kaya ita kaɗai.

Maganarsa ta cewa ke kika nemi saki ba ta da wurin zama a nan. A ce ma ke ce mai laifin mutuwar auren gaba ɗaya, yaro mai shekara 3 wane laifi ya yi? Wannan huce haushin kaza ne a kan dami. Abu ɗaya kawai nake so ki duba: idan khul'i kuka yi, wato kika fanshi kanki da wani abu ya sake ki, kuma a cikin sharuɗɗansa kika ɗauki alkawarin ciyar da yaran na wani lokaci, to malamai sun yi magana a kan irin wannan sharaɗi, kuma sai an kawo shi gaban mai ilimi ya duba lafazinsa. Ba ki ambaci haka a wasiƙarki ba, don haka na ɗauka babu. Neman saki kawai, ba tare da an faɗi wannan sharaɗi a fili an amince da shi ba, ba ya ɗauke masa komai.

Sai batun albashinki. A mazhabar Malikiyya, Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya faɗa a littafinsa Risala cewa ciyar da ƙananan 'ya'yan da ba su da dukiyar kansu yana kan uba, maza har su balaga in ba su da nakasar da ta hana su nema, mata kuwa har su yi aure su tare. Ba a sa wadatar uwa a cikin abin da ke sauke masa wannan ba. Sauran mazhabobi sun kawo uwa cikin lissafi ne a inda uba ya kasa, ya zama babu gare shi. Hanafawa ma sun ce a irin wannan hali za a umarci uwa mai hali ta ciyar, amma ya zama bashi a kan uban, ta karɓa in ya samu. Naki kuwa da bakinki kika ce yana da rufin asiri. Dokokin ƙasashe da dama sun ɗan bambanta da wannan, domin sukan duba samun uba da na uwa su raba nauyin a tsakaninsu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 18 da na 27, ta ɗora alhakin renon yaro a kan iyaye biyu gwargwadon ƙarfinsu, ta kuma nemi gwamnatoci su ɗauki matakin karɓo wa yaro kuɗin ciyarwa daga iyayensa, ko da wanda ake bi yana wata ƙasa. Ko da wannan ma'aunin aka auna, iyakar abin da albashinki zai yi shi ne ya rage kasonsa. Babu ma'aunin da zai mayar da kason uba mai hali ya zama aike uku a shekara biyu.

Kada kuma ki ɗauka abin da kika kashe ya tafi a banza. Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko tana da lada a kan abin da take kashe wa 'ya'yan Abu Salama, tana mai cewa ba za ta bar su su watse ba tun da 'ya'yanta ne. Ya ce mata tana da ladan abin da ta ciyar a kansu. Bukhari da Muslim sun ruwaito shi. Ladanki yana nan, Allah ya ƙara miki. Sai dai ladan da kike samu bai zama uzurinsa ba.

Yanzu ga maganar da ya fi dogara da ita, wadda kuma na ga ta fara shigar mahaifinki: a kawo su gidana in ciyar da su. A kunne tana da daɗi, kamar maganar uba mai son 'ya'yansa. Amma a cikinta ya mayar da abincin yara ya zama abin ciniki, wanda sai kin sallama renonsu za a ba su. Reno daban, ciyarwa daban. Wata mata ta zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce ɗanta ne, cikinta ya ɗauke shi, ƙirjinta ya shayar da shi, cinyarta ta zame masa makwanci, ga ubansa ya sake ta yana son ƙwace shi. Ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Abu Dawud ya ruwaito wannan daga Abdullahi ɗan Amru. Risala ta bi wannan ta ce reno na uwa ne bayan saki, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. A duk tsawon wannan lokaci yaro yana ɗakin uwarsa, kuɗin ciyar da shi yana fitowa daga aljihun ubansa. Haka aka tsara abin tun asali, ba wata alfarma kike roƙo ba.

Akwai wani labari a Muwaɗɗa ta Imam Malik da nake so ki ba mahaifinki cikin ladabi. Sayyidina Umar ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, mahaifiyar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, sai ya ɗauke shi ya aza a gabansa bisa dabbarsa. Kakar yaron ta cim masa, suka yi ta ja har gaban Halifa Abubakar. Umar ya ce ɗana ne, ita ma ta ce ɗana ne. Abubakar ya ce masa ya bar mata yaron, Umar kuwa bai sake cewa uffan ba. Umar fa ke nan, da ƙarfinsa da matsayinsa, kuma kaka ce ma ta ja da shi.

Ba na ganin laifin mahaifinki. Yana kallon 'yarsa tana ramewa, ga haya, ga makaranta, ga asibiti, shi ya sa ya ce ki sauke. Tausayinki ne ya sa shi faɗar haka. Amma in kin sauke don gajiya kawai, za ki ɗauki yaron da bai san kowa ba sai ke ki kai shi gidan da ake fama da sabon jariri, ki kai yarinya mai shekara 11, daidai lokacin da ta fi buƙatar uwa kusa da ita, inda za ta ji nauyin tambayar abin da ke damunta. Ban ce matar ubansu muguwa ba ce, ban san ta ba, kuma ke ma ina roƙonki kada ki sa ta cikin wannan rigima. Abin da na ce shi ne kuɗi ne suka gaza miki, reno bai gagare ki ba, don haka kuɗin za a nemo. Abin da ya kamata ki roƙi Baba shi ne ya tsaya miki a matsayinsa na babba a karɓo haƙƙin jikokinsa.

Shawarar yayarki ita ce ta fi ba ni tsoro, domin ita ce ta fi daɗi a zuciyar wadda aka ɓata wa rai. Na san daɗin da ke cikin mace ta ce na riƙe 'ya'yana da gumina, ban nemi komai a wurin kowa ba. Amma ƙanwata, kuɗin nan ba naki ba ne balle ki yafe. Na yaran ne, ke amana aka ba ki ki karɓa ki kashe musu. In wani ya ci bashin 'yarki, za ki ce kin yafe don ki nuna masa kin fi ƙarfinsa? Duk abin da kika bar masa don zuciya, daga jikinsu yake fita: makarantar da ta fi wadda suke zuwa, maganin da aka jinkirta saya har ƙarshen wata, da uwar da ke dawowa gida a gajiye ba ta da sauran haƙurin sauraron kowa. Sannan aiki ba shi da tabbas, lafiya ma haka. Ranar da ɗaya ya kuɓuce, Allah ya kiyaye, za ki nemi mutumin da kika koya wa shekara da shekaru cewa ba a buƙatarsa.

Akwai kuma wani abu a fiƙihu da ya sa shiru yake da tsada. Ciyar da 'ya'ya an wajabta shi ne don biyan buƙatar lokacin, shi ya sa malamai da yawa suka ce abin da ya wuce yana faɗuwa in lokaci ya shige. A Mukhtasar na Khalil, wani littafin fiƙihun Malikiyya, an keɓe hali biyu da ba ya faɗuwa: in alƙali ya riga ya yanke adadin, ko kuma wanda ya ciyar ɗin bai yi da niyyar kyauta ba. Ma'ana, duk watan da ya wuce ba tare da hukunci ko shaida ba, karɓo shi yana ƙara wuya. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Tun daga yau ki samu mutum biyu amintattu ki shaida musu cewa abin da kike kashewa a madadinsa kike yi, kuma kina nufin ya biya. Game da shekara biyun da suka wuce, ki faɗa wa alƙali ko masu sulhu gaskiyar niyyarki a lokacin, su duba. Ni dai da za ki ji tawa, kada ki bari rigimar baya ta hana a daidaita na gaba. In aka samu na gaba ya tsaya daram, aka samu wani abu daga na baya, an yi nasara.

To ta ina za ki fara? Da littafi da biro. Ki yi wata biyu ko uku kina rubuta duk abin da ya tafi a kan yaran, ki adana rasiɗin makaranta da na asibiti. Ki ware naki daban, kada ki cusa kayan shafarki ko kuɗin motarki na zuwa aiki a ciki, domin abu ɗaya in ya kama a lissafin wanda ba na yara ba, da shi zai rushe sauran. Haya kuwa ki sa kason yaran, tun da wurin kwanansu yana cikin abin da ake bin sa, ki bar masu sulhu ko alƙali su daidaita yadda za a raba. Galibin maza ba su san abin da yaro ke ci a wata ba, domin lokacin da ake tare ba su ne ke ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya ba. Wani in ya ga lissafin a rubuce jikinsa yakan yi sanyi.

Zarginsa na cewa za ki ci kuɗinsa yana da magani mai sauƙi, kuma ina so ke ki fara kawo shi kafin ya buɗe baki. Kuɗin makaranta ya biya makarantar kai tsaye, a ba shi rasiɗi da sunansa. Asibiti ma haka in zai yiwu. Sutura in yana so ya saya da hannunsa, bismillah. Abin da zai rage shi ne na ci da ƙananan buƙatun yau da kullum, wannan dole ya bi ta hannun wadda ke dafawa, kuma ya riƙa turowa ta banki a rana sananniya kowane wata, don kowa ya samu shaida. Wannan tsari zai kare shi kamar yadda zai kare ki, domin ba za a wayi gari a ce bai taɓa bayarwa ba. In aka tsara haka ya ƙi, to kowa ya gane ba tsoron ki ci ne ya hana shi ba.

Kada ki tunkare shi ke kaɗai, kuma ki daina aike. Baba ya nemi mahaifinsa ko yayansa ko wani malamin da yake jin nauyinsa, a zauna. Abin da aka amince a rubuta, da adadi, da ranar biya, da wanda zai ɗauki rashin lafiyar gaggawa, da ranakun da yaran za su je wurinsa, da sharaɗin sake dubawa duk shekara tun da yara girma suke yi kuma kaya tsada suke ƙarawa. A sa hannu, shaidu su sa. In da hali a kai takardar gaban alƙali ya tabbatar da ita, domin alkawarin da aka yi a zaure don kunyar manya yakan yi wata uku ya mutu. Ki kuma shiga zaman da adadin da zai iya. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Yana da mata, yana da jariri, su ma suna da haƙƙi, kuma jaririn nan ƙanin 'ya'yanki ne. Amma sabon gida ba ya tura tsofaffin 'ya'ya bayan layi. Lokacin da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa kyauta shi kaɗai ban da 'yan'uwansa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida, ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. A kan kyauta ma ke nan, balle abincin da ya zama dole.

Ga inda zan ja miki kunne. Wata shidan nan da kika hana su zuwa wurinsa kuskure ne, kuma ina so ki gyara shi tun kafin a zauna. Na fahimci abin da ya kai ki, mutum ya ƙi ciyarwa sannan ya so a kawo masa yara su gaishe shi kamar ba abin da ya faru. Amma abin da kike zarginsa da shi kika yi: shi ya riƙe kuɗi don ya karɓi yara, ke kin riƙe yara don ki karɓi kuɗi. Ayar Baƙara da na kawo miki ita ce ta ce kada a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, kada kuma a cutar da uba ta hanyar ɗansa, a jere suka zo. Yarjejeniyar 1989 ɗin ma a sashe na 9 ta ce yaron da ya rabu da ɗaya daga iyayensa yana da haƙƙin ci gaba da hulɗa da su biyun, sai in hakan zai cutar da shi. Ba ki ce yana dukansu ko yana cutar da su ba, da kin faɗa da maganata ta canza. Sannan ko ta fuskar dabara, kin ba shi hujjar da ba ya da ita a da. Yanzu a gaban kowa zai ce yaya zan ciyar da yaran da aka hana ni gani. Uban da yake ganin ɗansa, ya ga takalminsa ya tsage, ya ji yana tari, ya fi saurin sa hannu a aljihu a kan wanda aka mayar da shi mai aiko kuɗi daga nesa.

In sun fara zuwa, kada ki ba su saƙo. Wannan ya fi komai muhimmanci a wurina a duk abin da na rubuta miki. Kada babbar ta zama ita ce mai cewa Baba, Mama ta ce kuɗin makaranta. Yarinyar da aka aika da irin wannan saƙo tun daga gida cikinta ke ɗaurewa, tana tafe tana shirya yadda za ta faɗa, in ya ɗaure fuska ta ɗauka ita ta yi laifi, in ta dawo hannu wofi ta rasa yadda za ta kalle ki. A hankali sai ta fara ganin kanta a matsayin nauyi, ta daina faɗin abin da take buƙata, littafinta ya ƙare ta yi shiru, ciwo ya kama ta ta ɓoye. Kada kuma in sun dawo ki zaunar da su kina tambayar me aka dafa, me aka saya wa jaririn, me matar ta ce. Ki tambaye su ko sun ji daɗi, ki bar shi nan. Maganar kuɗi ta manya ce, ta tsaya tsakanin manya.

Batun mai neman aurenki, Allah ya sa alheri, kuma kada tsoro ya sa ki ƙi aure in mutumin kirki ne. Gaskiya ne hadisin ya ce matuƙar ba ki yi aure ba. Amma aurenki ba ya miƙa yaran ga ubansu kai tsaye. A Risala, in uwa ta rasu ko ta yi aure, reno yana komawa ga kaka, sannan 'yar'uwar uwa, kuma duk inda yaran suka koma ciyarwar ubansu tana bin su can. Mijin da za ki aura ba a ɗora masa ciyar da 'ya'yan wani ba, in ya yi alherinsa ne. Kotuna kuma sukan duba abin da ya fi zama maslaha ga yaron kansa. Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, ki yi wannan magana yanzu da mahaifiyarki in tana raye, da yayarki, da shi mai neman naki, ki ji ko zai karɓe ki da yaran da zuciya ɗaya. In ya fara kame-kame a kan wannan tun yanzu, kin samu amsar wata tambayar da ba ki yi ba. Ki kuma sa batun a cikin zaman sulhun, a rubuta inda yaran za su zauna in kin yi aure.

Saura kotu. Ki ba sulhu wa'adi, wata ɗaya ko biyu, ki kuma sanar da manyan cewa wa'adi ne. In ya cika ba a ga komai ba, ki je, kuma ba ki yi laifi ba. Hindu 'yar Utba ta je gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce mijinta Abu Sufyan mutum ne mai maƙo, ba ya ba ta abin da zai ishe ta ita da ɗanta. Bai ce mata ta tona asirin mijinta ba, bai ce ta koma ta yi haƙuri ba. Ya ce ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon abin da aka sani. Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Nana A'isha. Ita tana cikin gidansa ne a lokacin, dukiyarsa na kusa da hannunta. Ke da kike waje, hanyarki ita ce alƙali, kada ki taɓa kayansa da kanki. Ki tafi da takardar saki, da takardun haihuwar yaran, da littafin lissafinki, da rasiɗai, da shaidunki. In akwai masu ba da taimakon lauya kyauta a inda kike, ki neme su tun kafin ranar. A gaban alƙali ki tsaya a kan buƙatun yaran, kada ki buɗe tsohon littafin abin da ya yi miki a zaman aure, ko da shi ya buɗe.

Tsoronki na abin da yaran za su ce in sun girma na ji shi har cikin raina, domin mace mai kara ce kawai ke irin wannan tunani bayan duk abin da aka yi mata. Abin da zai zauna a zukatansu ya danganta da yadda kika ba su labarin. In kina cewa ubanku ya ƙi ku sai da na maka shi a kotu, to da wannan za su tashi, kuma zai yi musu ciwo. Ƙananan biyun ba sa buƙatar sanin komai yanzu. Babbar kuwa za ta ji ko ba daga bakinki ba, don haka gara ta ji daga gare ki. Ki zaunar da ita ku biyu ki ce mata: ni da Babanku mun kasa daidaita yadda za a riƙa biyan kuɗin makarantarku da sauran buƙatunku, shi ya sa muka je wurin wanda aikinsa ke nan ya tsara mana. Ba laifinki ba ne, ba laifin ƙannenki ba ne, kuma ranar Asabar za ku je ku gaishe shi.

Allah ya raya miki su, ya shirya tsakaninku. Ki rubuto min bayan zaman, ina son jin yadda aka ƙare.